Ƙwaƙwalwar yaro ba ta jiran ciki ya fito

Jiya a gidan suna a unguwar Aboabo da ke Kumasi, wata gwaggona ta ce ƙwaƙwalwa gado ce, ɗan da ubansa bai ja a karatu ba shi ma ba zai ja ba. Na ja bakina saboda girmanta, amma maganar ta kwana tana cina.

Duk wanda ya riƙe allo ya san baƙi da wasali. A ajami, baƙaƙen "gida" da "gada" ɗaya ne, wasali ya raba su. To ƙwayar halittar fatarka da ta ƙwaƙwalwarka rubutun gado ɗaya suka ɗauko, wato DNA. Wasu 'yan alamomin sinadari, irin su metil, su ke hawa kansa suna cewa a karanta nan, a rufe can. Tun 1942 masanin halittu Conrad Waddington ya raɗa wa wannan fanni suna efijenetik.

A jikin ɗan tayi, ƙwayoyin asali na ƙwaƙwalwa sai sun fara haifar ƙwayoyin jijiya masu kai saƙo, daga baya su koma haifar masu yi musu hidima. Alamomin nan ne ke garƙame aiki na biyu, sai lokacinsa ya yi a buɗe.

Ga inda abin ya shafe mu. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin mace ba ta ma gama tabbatar da ɓatan wata ba. Mu kuwa a Zango, kunya da tsoron baki sukan sa a ɓoye ciki wata huɗu kafin a leƙa awo. Ƙwayar folik asid ɗin da nas za ta miƙo, wadda ke taimaka wa jiki samar da metil, ta riga ta makara ga rufewar bututun. Shi ya sa likitoci ke cewa a fara shan maikiroguram 400 kullum tun kafin ciki. A ƙauyukan Gambiya ma an ga alamomin metil ɗin sun bambanta tsakanin yaran da aka yi cikinsu da damina da na rani.

Kada wani ya ɗauki wannan ya je ya ɗora wa matarsa laifi. Malam, kuɗin cefane a aljihunka yake, kontomire (ganyen gwaza) da wake da ƙwai kuwa ga su nan jibge a kasuwar Kejetia.

Ƙanwata za ta tare bayan Sallah. Na riga na cusa mata kwalbar folik asid a akwati, ƙarƙashin atamfofi, inda Gwaggo ba za ta gani ba.