Kifin da Idonsa Ya Yi Ƙaura

Rumfar mai shayi a Argungu, da sassafe, hunturu na kaɗawa. Sarkin Ruwa ya ƙudundune cikin bargo. Kusa da shi Ɗan Boko ne, ɗan ƙanensa, kwanansa uku da dawowa daga karatun kiwon kifi a Norwe. Sai ga Sarkin Fawa da barho a ƙugu.

SARKIN FAWA: A'a, sarkin ƙarni ne da kansa! Mai shayi, in ya gama a wanke kofin nan sau bakwai, ɗaya da ƙasa.

SARKIN RUWA: Bangaro, ai ƙudajenka sun riga ka isowa, sun ce kana tafe.

SARKIN FAWA: Ɗana, sannu da hanya. Wai su ka je koyo wajen Bature? Gadon gidanku? Ashe dai babanka bai iya ba.

ƊAN BOKO: Baba, kifin can daban ne.

SARKIN RUWA: Daban me? Shekara hamsin ina faɗa wa gulbin Matan Fada da gora da homa. Giwan ruwa, tarwaɗa, gargaza, ƙurungu, har minjirya ta san hannuna. Babu kifin da ban riƙe wutsiyarsa ba.

ƊAN BOKO: To, Baba, duba wayar nan.

SARKIN RUWA: Wannan ai tabarma ce.

SARKIN FAWA: Mu gani. Kai, tirela ce ta taka shi!

ƊAN BOKO: Haka Allah ya yi shi. Turawan Ingila na ce masa halibot. A arewacin Tekun Atilantika yake, wajen Norwe da Aisland da Girinland, can ƙasan ruwa, kwance a kan yashi. Ku dubi idanunsa.

SARKIN RUWA: Subhanallahi! Duka biyun a kumatu ɗaya? Ɗaya gefen fa?

ƊAN BOKO: Fari fat, babu ido. Amma ba haka ake ƙyanƙyashe shi ba. Yana ƙarami, bai kai ɗan yatsa ba, iyo yake a miƙe kamar kowane kifi, ido ɗaya dama, ɗaya hagu. Sannu a hankali sai idon hagun ya fara tafiya, ya hau ta saman kai, ya gangaro ya zauna kusa da na dama. Ƙashin kan ma murɗewa yake. Daga nan sai ya sauka ƙasa ya kwanta.

SARKIN RUWA: Ido ya yi tafiya. Da wace ƙafa? Yaro, mun sayar da kwalekwale biyu ka yi karatu, ka dawo mana da tatsuniya? Ƙurungu ma yakan yi iyo a rigingine, na sha gani, amma idonsa na nan inda aka ajiye masa. Babu wannan kifin. Haɗin kwamfuta ne.

SARKIN FAWA: Ni na yarda. Ina da maƙwabci masunci, in ya hango mai binsa bashi ta hagu, duk idanunsa dama suke komawa.

SARKIN RUWA: Naka kuwa ɗaya na kan sikeli, ɗaya na aljihun mai saye.

ƊAN BOKO: Dabara ce, Baba. Wanda zai ƙare rayuwarsa da kumatu ɗaya a ƙasa, me zai yi da idon da ke kallon yashi? Bayansa kuma duhu-duhu ne, launin ƙasan tekun, sai kifi ya zo wucewa bai ankara ba ya ji shi a baki. Ko jakar iskar nan da ke cikin kifayenmu babbansa ba shi da ita.

SARKIN RUWA: To, zurfin wurin gaba nawa ne? In nitso ne ni ma gwani ne.

ƊAN BOKO: Akan same shi har zurfin mita 2,000.

SARKIN RUWA: Da gora ake shiga?

ƊAN BOKO: Baba, ruwan da ya fi so bai fi na cikin firji ɗumi ba. A Tromso, inda na zauna, daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sam. A cikin wannan duhun da sanyin yake gangarawa zurfi ya yi ƙwai.

SARKIN FAWA: Ga wanda hunturun Kabi ya sa ya shige bargo yana maganar nitso.

MAI SHAYI: Me yake ci a can ƙasan?

ƊAN BOKO: Yana ƙarami, ƙaguwa da ƙananan halittun ƙasan ruwa. In ya girma sai kifi. Kun san busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, da 'yan kudu ke kira okporoko? A tsibiran Lofoten na Norwe ake shanya shi a kan katakai, iska ta busar, a yo mana lodinsa har da kawunan. To, irin wannan kifin, da ransa, yana cikin abincin halibot.

SARKIN FAWA: Dakata. Mai haɗiye wannan, shi kilo nawa ne?

ƊAN BOKO: Macen ta fi namijin girma nesa ba kusa ba. Babbar tana iya kai kilo 300, tsawo ya haura mita 4. Tana iya yin shekara 50 a duniya.

SARKIN FAWA: Kilo 300! Sarkin ƙarni, na bikin kamun kifi na 2020 da kuka cika gari da kalangu da guɗa, aka ba da mota a kansa, kilo nawa ne?

SARKIN RUWA: Saba'in da takwas. Kuma da hannu aka kama shi.

SARKIN FAWA: Jikansa kuka kama.

ƊAN BOKO: Can kuwa doka ce, in ka kama wanda ya wuce mita 2, sai ka mayar da shi ruwa. Manyan duk iyaye mata ne, kuma sai mace ta kusa shekara 10 kafin ta fara ƙwai. Daga 20 ga Disamba ma a kan rufe kamunsa har lokacin ƙwan ya wuce.

SARKIN RUWA: Ka kama babba ka saki? Lallai rashin rana na taɓa ƙwaƙwalwa.

SARKIN FAWA: Ɗana, matso. Ka ce idanun a dama suke. Ke nan a kan wane gefe yake kwanciya?

ƊAN BOKO: Na hagu.

SARKIN FAWA: Allahu akbar! Jama'a ku shaida. Dabba mai nauyin bijimi, ta kwanta a gefen hagu da kanta, ba igiya ba kokawa. Wa ake kwantarwa haka in ba abin yanka ba? Saura a juya shi alƙibla kawai. Ga shi kuma a shimfiɗe, an riga an yi masa yankan kilishi, ƙuli da yaji yake jira. Hanta fa?

ƊAN BOKO: Har mai ake tatsa daga hantarsa, na ƙarin lafiya.

SARKIN FAWA: Shi ke nan, har da kayan ciki. Wannan na fawa ne. A rubuta wa Norwe, duk wanda aka kama a kawo kwata.

SARKIN RUWA: Kai, Bangaro, kiyaye ni! Yana da ƙaya? Yana numfashi a ruwa? To duk abin da ke ƙarƙashin ruwa, daga Matan Fada har Girinland, talakana ne. Ka taɓa shi da barhon nan mu haɗu a fada.

SARKIN FAWA: Kai da ka ce babu shi?

SARKIN RUWA: Babu shi, amma nawa ne.

MAI SHAYI: Ranku ya daɗe, shayi uku, burodi biyu, ƙwai huɗu. Wa zai biya?

Sarkin Ruwa ya juya yana kallon hanyar gulbi. Sarkin Fawa ya juya yana kallon hanyar kwata.

MAI SHAYI: Ɗan Boko, na can wata nawa idon ke yi kafin ya gama komawa gefe ɗaya?

Ɗan Boko ya sa hannu a aljihu.