Shekarar da Masu Gida suka kwana a 'yan dagaji

Jiya a teburin mai shayi wani yaro sanye da rigar Chelsea ya ce wai shi ba ya bin kulob ɗin da ya taɓa faɗuwa. Aka kwashe da dariya, duk aka juyo ana kallona, don kowa ya san ni da Kano Pillars.

To, eh, mun faɗi. A 2022 kulob ɗin da ya ci gasar Firimiyar Najeriya sau huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, wanda ya fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 tana riƙe da kofin zakarun Afirka, ya gangara rukunin 'yan dagaji. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Amma laifi tudu ne, kuma namu nake so mu fara dubawa. Wa ya farfasa motar Katsina United bayan an tashi canjaras a Kano? Ba 'yan wasa ba ne, ba koci ba ne, mu ne masu ihun "Sai Masu Gida". Aka zabtare mana maki uku, aka kore mu zuwa Abuja. Abin dariya abin kuka, da mu da Katsinar tare muka faɗi.

Abin da ya fi faɗuwar yi mini ciwo shi ne majalisarmu. Mu takwas muke zuwa filin Sani Abacha, bayan faɗuwar muka koma mu uku. Sauran suka tare a gidan kallo, suna biyan kuɗi kowane Asabar don su ga Arsenal, alhali a ƙofar filinmu su ne masu "Oga, a taimaka mana mu shiga". Mutum zai sayi rigar Madrid ta dubbai, amma ka nuna masa mai ruwan ɗorawa da kore ya ce ta yi tsada. Sannan gobe shi ne kan gaba wajen zagin gwamnati ba ta biya 'yan wasa ba. Kulob ɗin da komai nasa sai an jira baitulmalin jiha, tun daga albashi har man mota, ranar da ya faɗi ai sai abin da Allah ya yi.

Wasan 'yan dagaji ba daɗi, kada wani ya yaudare ka. Ka bi kulob waje ka tarar da fili rabi ciyawa rabi jar ƙasa, ƙwallo na tsalle kamar kwaɗo, ba talabijin, sakamako ma sai ka kira wanda ke can. Amma a nan na ga kyaftin ɗinmu Rabi'u Ali Pele, da shekarunsa da sunansa, yana gudu cikin ƙura kamar yaron da ke neman a ɗauke shi. Wallahi kunya ce ta hana ni daina zuwa.

Mu dai mun taki sa'a, kaka ɗaya muka yi, muka dawo a 2023. El-Kanemi Warriors ma har kofin ƙalubale ta ɗaga a 2024, shekarar da ta buga a rukunin 'yan dagaji. Amma ku tuna Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar kulob-kulob ta Afirka, Cup Winners' Cup, a 1988. Yaran yanzu nawa ne suka san ta? Ita nake tunawa duk lokacin da na ga ana jifa a fili.

Shi kuwa yaron mai rigar Chelsea, na ce ya shirya, wasan gida na gaba ni zan biya masa tikiti. Ya ce sai dai in ba su da wasa ranar.