Tyson Bai Taɓa Faɗuwa Ba, In Ji Sarkin Fawa

"Ƙarya ne! Wallahi Malam ƙarya ne. Ba a yi ɗan dambe kamar Mike Tyson ba, kuma ba za a yi ba."

Sarkin Fawa ya daki teburin Mai Shayi har gwangwanin madara ya yi tsalle. Sarautar nan dai ba wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa ranar da ya sayi sabuwar wuƙa.

Malam Ɗan Fansho ya gyara tabaransa mai ɗaure da zare. "Sarki, bi a hankali, teburin ba naka ba ne. Ni dai na ce Muhammad Ali. Yana da shekara 18 ya ciyo zinare a gasar Olamfik a birnin Rum, a 1960. Yana da 22 ya ƙwace kambun duniya daga hannun Sonny Liston."

"Ashirin da biyu? Ashe sai da ya tsufa! Namu yana da 20 ya ɗauka, a 1986. Turmi na biyu ya kashe Trevor Berbick. Naushi ɗaya, mutum ya tashi ya faɗi, ya sake tashi ya sake faɗi, kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Kuma jama'a ku tambayi Malam, wa ya doke Alin nasa a dambensa na ƙarshe?"

"Berbick ɗin ne, a 1981. Amma lokacin Ali na dab da shekara 40, jiki ya riga ya..."

"Ku shaida! Da bakinsa ya faɗa. Larry Holmes ma ya lallasa shi a 1980, sai da muka je muka rama muku a 1988, turmi huɗu kacal. Mu ke ɗaukar muku fansa, amma ko na gode babu."

"Mu" ɗin nan ku lura da ita. Sarki bai taɓa wuce Zariya ba, amma duk damben da Tyson ya ci, tare suka ci.

"Michael Spinks fa?" Sarki ya ɗaga yatsa. "Daƙiƙa 91! Wanda ya biya kuɗin kallo bai gama gyara zama ba aka ce a tashi."

Mai Shayi ya ɗaga kai daga sheƙa shayi. "Ai ya yi ƙoƙari. Wutar da aka kawo mana jiya ba ta kai haka ba. Na jona waya, kafin in ce bismilla an ɗauke. Takardar kuɗin wata ce kawai ba ta taɓa makara ba."

Malam ya kurɓi shayinsa, ba madara, sukari rabin cokali, wai likita ne ya hana. Kowa ya san likitan aljihu ne.

"Saurin gamawa ba shi ne gwaninta ba. Ka je Kinshasa, watan Oktoba 1974, ƙasar Zayar ta Mobutu. George Foreman yana da shekara 25, dambe 40 ba wanda ya taɓa doke shi. Ali yana da 32, kowa na cewa kashe shi za a yi. Ya jingina da igiya, ya kare fuska, ya bar Foreman yana ta jibga har ƙarfinsa ya ƙare. Turmi na takwas ya kwantar da shi. Wannan dambe ne da ƙwaƙwalwa."

"Jingina! An ce a yi dambe, mutum ya je ya nemi wurin jingina, kai kuma kana tafa masa. Malam, kai ka ma taɓa ganin Alin nan?"

"Ƙwarai kuwa. Da ya zo Najeriya a 1964 na gan shi da idona."

"A ina?"

"A jarida."

Ɗan Acaɓa, wanda tun ɗazu yake ta latsa waya yana jiran indomi, ya ce, "Baba Sarki, ga shi nan an ce a Tokiyo, 1990, wani Buster Douglas ya kashe Tyson a turmi na goma."

"Bai faɗi ba."

"Ga hoton nan fa, yana rarrafe."

"Robar bakinsa ce ta faɗi, ya sunkuya zai ɗauka. Kai idan makullin babur ɗinka ya faɗi, a tsaye kake ɗauka?"

"Amma alƙali ya ƙirga har goma."

"Yawwa, ka zo wurin! A turmi na takwas wa ya fara faɗuwa? Douglas! Alƙali ya tsaya yana ƙirga da yanga: ɗaaaya, biiiiyu, har mutum ya huta ya miƙe. Da aka zo kan namu sai ya zuba a guje. Malam, ƙarya na yi?"

"Douglas ya faɗi a na takwas, wannan gaskiya ne. Amma ya tashi. Naka ne bai tashi a kan lokaci ba."

"To ai ka ji. Maguɗi."

A gindin benci ragon da Sarki ya sayo don yankan gobe yana ɗaure, yana cin ledar burodi, yana kallon mai shi.

"To kunnen Evander Holyfield da Tyson ya ciza fa?" in ji Mai Shayi. "Shi ma faɗuwa ya yi aka sunkuya aka ɗauka?"

Sarki ya gyara zama, don an shigo fagensa. "Kunne! Ni za a gaya wa kunne? Shekara da shekaru ina sana'ar nan, kunne ko lissafi ba ya shiga, gyara ake bayarwa da shi. Ɗan guringuntsin da bai kai loma ba aka kori bawan Allah daga dambe a 1997, aka ci shi tarar dala miliyan 3. Da haka ake sayen kunne a kasuwarmu, da na kai unguwar nan Makka kaf, har da Malam. Kuma wa ya fara? Holyfield ne ya yi ta tunkuyinsa da kai."

"Kafin cizon ai Holyfield ya riga ya doke shi a 1996, turmi na 11."

"Shi ya sa ya ciji. Ka ga akwai dalili ke nan."

"Lennox Lewis, 2002, turmi na takwas?"

"Tsawo ya nuna masa. Ba a haɗa dogo da gajere, zalunci ne."

"Jake Paul, 2024?" in ji Ɗan Acaɓa.

"Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Dattijo mai shekara 58 ya daki ɗan shekara 27 a bainar jama'a? Tarbiyya ce ta hana shi. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba."

Malam ya ajiye kofi. Idan ya ajiye kofi, to darasi zai fara, ko da kuwa ba allo.

"Sarki, bar batun naushi. A 1967 gwamnatin Amurka ta ce Ali ya shiga soja a kai shi yaƙin Biyetnam, ya ce ba zai je ba, addininsa bai yarda ba. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe shekara uku da rabi, a daidai lokacin da ƙarfinsa ke tashe. Sai 1971 Kotun Ƙoli ta wanke shi. Ya dawo ya sake ɗaukar kambun, har sau uku jimilla. Ya ci 56, an ci shi 5. Shi dai an hana shi abincinsa, daga baya an ba shi gaskiyarsa. Ni har yau ana ta tantance ni a ofishin fansho, a ga ko ina da rai."

"Namu ma ya yi shekara uku ba dambe."

"A gidan yari, Sarki. Kotu ta same shi da laifin fyaɗe a 1992."

Nan kam Sarki ya yi tsit. Ya ɗauki kofi ya kurɓa, kofin ma na Ɗan Acaɓa ne.

Mai Shayi ya jawo wani littafi mai maiƙo daga ƙarƙashin tire. "Ni abin da na sani, gwaninka ya tara ɗaruruwan miliyoyin daloli, amma a 2003 ya je kotu ya ce ya karye, bashi ya yi masa katutu. Yanzu na gane abin da ya haɗa ku. Shafinka ya cika, na shiga na Malam."

"Ana maganar manya kana kawo maganar ƙwai da burodi."

"Baba Sarki," Ɗan Acaɓa ya sake ɗaga waya, "shi fa Tyson ɗin da kansa ya sha faɗa cewa Ali ne gaba da kowa."

"Kunya ce. Ya musulunta, ba zai yi gaba da babba ba."

"Da bakinsa fa ya faɗa."

"Bai san kansa ba! Ni na fi shi sanin Tyson. Ku ba ku san dambe ba ne, mu gadonsa muka yi. Ni da kuke gani, zamanin da nake ɗaure hannu, garin da na shiga 'yan dambensu tafiya ke kama su."

Wannan zamani dai an yi cigiyar wanda ya gan shi, har yau ba a samu ba.

Sarki ya miƙe, ya fizgi tsumman goge tebur ya naɗe hannun dama. "Ku matsa in nuna muku yadda yake shiga. Ba ya tsayawa ƙiƙam. Hannu biyu a kumatu, ka duƙa, ka kaɗa kai dama, ka kaɗa hagu, ka duƙa ƙasa sosai..."

Ya duƙa ƙasa sosai, ya kaɗa kai, daidai gaban ragon. Shi kuwa rago a duniyarsa idan aka sunkuyar masa da kai magana ɗaya ake nufi. Ya ja da baya iyakar igiya. Ji kake ƙum!

Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, Sarki ya baje a ƙasa yana kallon taurari tun kafin su fito.

Mai Shayi ya ɗauki cokali yana dukan kofi. "Ɗaya! Biyu! Uku!"

"Ja ƙirgar dai, kada a ce an yi maguɗi," in ji Malam.

"Huuuɗu. Biiiyar."

Har aka kai goma, aka ƙara masa biyu gyara, sannan ya ɗaga kai, goshi ya yi ƙulu.

"Ban faɗi ba. Hulata nake nema."

"Ga ta can bayanka, Baba."

"Kuma kun ga da kai ya zo. Irin na Holyfield. Haramun ne a dokar dambe." Ya rarrafa ya dafa benci, ya nuna ragon da hannun da ke naɗe da tsumma. "Kai kuma, a sake haɗa mu. Gobe da asuba, a mayanka."