Alhaji Zai Riga Kwamfuta

Alhaji: Kai ɗan boko, turo ƙofar nan. Na gano abin da Turawa ba su gano ba. Yuro tana araha a Landan, tana tsada a Niyok. In saya nan, in sayar can, in kwashe riba.

Ɗan Boko: Baba, yaushe ka ga farashin?

Alhaji: Shekaranjiya. Ga shi na rubuta a bayan ambulan.

Ɗan Boko: Ai tun kafin ka cire murfin biro ya mutu. Da giɓin farashi ya ɓullo, kwamfutocin manyan bankuna sai su yi wa mai arahar rubdugu da saye har ta tashi, su juye ta inda take tsada har ta sauko. Kafin ƙiftawar ido farashin biyu sun zama ɗaya.

Alhaji: To su dakata mana. Ni na fara gani.

Ɗan Boko: Baba, kasuwar canjin kuɗi ta duniya, da a 2022 ake juya kusan dala tiriliyan 7.5 a cikinta kullum, ita za ta jira ka?

Alhaji: Tun ba a haifi kwamfuta ba nake lissafi da ka. Sauri gare ni.

(Alhaji dai ko kira zai yi, sai an nemo masa tabarau, sannan a danna masa lambar.)

Alhaji: Shi ke nan, zan yi musu zagaye. Dala ta koma yuro, yuro ta koma fam, fam ta dawo dala. Wannan ba su san shi ba.

Ɗan Boko: Da shi suke kwana, da shi suke tashi. Kuma a kowace gaɓa kuɗin saye daban, na sayarwa daban. Sau uku za a yi maka aski.

Alhaji: Kai fa baƙin ciki kake min. Yanzu duk duniya babu giɓin da zai jira dattijo?

Ɗan Boko: Akwai, inda gwamnati ta ɗaure farashi ta hana a saya yadda ake so. A Ajantina a 2023, dalar bayan fage ta haura ninki biyu na ta banki.

Alhaji: Yawwa! A lokacin wa ke samun ta bankin?

Ɗan Boko: Masu uwa a gindin murhu, Baba.

Alhaji: To nemo min lambar gwamnan babban bankinsu. Ka ce Alhaji ne, zai gane. Miƙo min ambulan ɗina kuma, na ga kana leƙe.