A fara duba ƙoda kafin a kawo mana wannan magani

Na karanta wani labari kan ƙoƙarin masana na hana magungunan ciwon daji masu tururin nukiliya taruwa a sassan jikin da ba su da ciwo, kuma ya taɓa ni ƙwarai. Yayata, da muke zaune tare a ƙauyenmu kusa da Hadeja, ta sha aidin mai tururi bayan tiyatar dajin maƙogwaro. Alhamdulillahi ta samu sauƙi, amma maganin ya taɓa inda yawu ke fitowa, har ta yi watanni ba ta iya haɗiye lomar tuwo sai da moɗar ruwa a gefenta.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙoda. Maganin ciwon daji na Lutathera, wanda Amurka ta amince da shi a 2018, yana ɗauke da sinadari mai tururin nukiliya da ake kira lutetiyam-177, kuma ta fitsari yake fita, sai ƙoda ta riƙe wani kaso nasa. Shi ya sa ake yi wa majinyaci ƙarin ruwa mai sinadaran lisin da arjinin tun minti 30 kafin allurar, a ci gaba na kimanin awa 4, domin su tare hanyar da ƙoda ke bi ta tsotse maganin. Wani maganin irinsa, Pluvicto, da Amurka ta amince da shi a 2022, yana busar da baki kamar yadda aidin ya yi wa yayata.

A yankinmu ciwon ƙoda ya riga ya yi yawa, ga zafin bazara da ke ƙarar da ruwan jikin manomi. Ina roƙon likitocinmu, ranar da waɗannan magunguna suka iso gare mu, su tabbatar an auna ƙodar kowa tukuna, kuma kuɗin ruwan kariyar ya shiga cikin tallafi.