Wa Ya Aske Wa Alhaji Gira?

"Wanzam, ina sauran girata?"

"Wace gira kuma, Alhaji?"

"Dubi gefenta nan, fayau. Duk faɗin Zazzau kai kaɗai ke kai aska fuskata."

"Wallahi tun da nake aski a Ƙofar Doka ban taɓa taɓa girar mutum ba. Kan naka ma ai shafawa kawai nake yi yanzu, kana biya."

"Wannan sanƙon arziki ne, kar ka sa masa baki."

Watan Afrilu ne fa, kowa na neman inuwa, amma Alhaji na cikin suwaita, ya ɗora babbar riga a kai. Sani ɗan ƙanwarsa, mai karatun likita a Shika, yana kan benci yana kallonsu.

"Kawu, ba ka jin zafi?"

"Manya ba sa gumi."

"Wannan tsagar ta bayan wuyanka fa?"

"Ƙaho na yi masa tun kafin azumi," in ji wanzami, "ta ƙi kamewa. Jininsa ne ya cika izza."

"Maƙiya ne," in ji Alhaji. "Tun da na sayi filin nan na Samaru suka sa ni gaba. Dubi fatata, duk kaushi kamar bayan kada, kwalbar man kaɗanya guda ba ta kai min mako."

"Kawu, ga jin sanyi, ga bushewar fata, ga zubar gashi har da gefen gira, ga ciwo ya ƙi warkewa. Kasala fa? Bayan gida yana wuya?"

"Kai! A gaban wanzami?"

"Ina zargin tairod ne. Wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ita ke fitar da sinadarin da ke saita saurin aikin jiki. In ya yi ƙaranci komai sai ya koma tafiyar hawainiya: fata ba ta sabuntawa da wuri, gashi ya zube bai tsiro ba, rauni ya daɗe. In ya yi yawa kuma, sai gumi da rama da bugun zuciya."

"To nawa yawa ya yi. Ban taɓa samun ƙarancin komai ba."

"Ai maƙoƙo kake nufi," in ji wanzami, "kuma wuyan Alhaji sumul yake."

"Ba lallai sai ya kumbura ba, Baba. Maƙoƙon rashin aidin ma ya ragu tun da aka wajabta sa shi a gishiri a 1993. Kuma ciwon ya fi kama mata..."

"Mata? Ni Alhaji guda?"

"Maza ma yana kama su."

"Ka dai riga ka faɗa."

Daidai nan mai mota da lasifika ya wuce yana tallan kwalba ɗaya mai maganin sanƙo, basir, sanyi da mugun mafarki. Waɗannan bayin Allah, da za ka ce musu babur ɗinka ne ya ƙi tashi, cokali biyu za su ce ka ba shi. Alhaji har ya ɗaga hannu, Sani ya riƙe.

"Jini kaɗan za a ɗiba a auna TSH da T4, sinadaran da ke nuna yadda tairod ke aiki. In ya tabbata, ƙwaya ɗaya ce kullum, levothyroxine. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake aunawa. Gashi kuma sai an yi haƙuri, watanni yake ɗauka."

"Har da na kai?"

"Na gira dai. Sanƙon nan gado ne, har a hoton Kaka akwai shi."

"Na ce maka na arziki ne. Yaushe ake shan ƙwayar?"

"Da sassafe, da ruwa zalla, sai ka jira kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ka karya."

"Kokon ya huce ke nan? Ƙosan ya yi sanyi?"

"Sai a ɗumama."

"Wanzam, ɗauko ƙahonka."