Wai labarin ban dariya ba karatu ba ne?

Wallahi maganar nan da aka yi a zaurenmu na masu karatu ta tsaya min a rai. Wai gajerun labaran barkwanci na yara ne, mai hankali sai littafi mai kauri. Abin da ya fi ƙona min rai, da littafin Umberto Eco aka kafa hujja, The Name of the Rose. Malam mai wannan magana, ka kuwa kai ƙarshensa?

Duk wanda ya kai ƙarshe ya san kan dariya aka yi ta kisan. Shekarar 1327 ce, a gidan ruhubanawan Kirista a arewacin Italiya, ana ta tsintar gawa ɗaya bayan ɗaya. William na Baskerville da almajirinsa Adso suka yi kwana bakwai suna bin sawu. Ashe wani tsoho makaho ne, Jorge, ya shafa guba a shafukan littafin Aristotal da ke magana kan wasan ban dariya. Duk wanda ya lashi yatsa don buɗe shafi, sai lahira. Hujjarsa ita ce, muddin masu ilimi suka ɗauki dariya da daraja, tsoro zai fice daga zukatan talakawa. Da asirinsa ya tonu sai ya shiga cinye takardun, ɗakin littattafan kuma ya ƙone ƙurmus.

To Eco ya cika ɗaruruwan shafuka tun 1980 yana nuna cewa mai raina dariya tsoronta yake ji, kai kuma ka ɗauki littafin nasa kana dukan dariya da shi. Ai layin Jorge ka bi.

Ni a tare na karanta shi da Magana Jari Ce. In Latinancin Eco da gardamar ruhubanawa kan talaucin Annabi Isa suka gajiyar da ni, sai in koma wajen akun da ke ba da labarai a Magana Jari Ce. Ku sake duba Kalala da Kalalatu. A 'yan shafuka Abubakar Imam ya kwance kwaɗayi da ƙarya da fuska biyun da ake yi gaban baƙo, kana dariya kana gane mutanen gidanku. Tun 1937 labaran nan suke, har yau ba su tsufa ba. Kuma kada a manta, da irin waɗannan labarai aku ya riƙe Musa ɗan sarki a gida har makircin Waziri ya wargaje.

Za a ce ai Imam aro ya yi daga tatsuniyoyin Larabawa da Turawa. Sai me? Shi Eco daga ina ya samo mai binciken nasa, in ba daga Sherlock Holmes ba? Ku bar wannan zancen. Sa mutum dariya a shafi uku ya fi sa shi hamma a shafi 300 wuya.

Af, marubutanmu, don Allah wa zai rubuta mana labarin binciken kisa a Kanon Muhammadu Rumfa, lokacin da babban malamin nan Al-Maghili ya sauka garin? Ga Kasuwar Kurmi, ga fatake daga Agadas, ga fada cike da tsegumi. In da mai yi, ya sa min suna a cikin masu saye.